Burodi Kafin Zagayen Likita

Likita ya faɗa masa da safe, a bakin ƙofar ɗakin mata na asibiti, bai ɗaga murya ba. Idan har zagayen yamma Malama ba ta sa komai a cikinta ba, za a zura mata robar abinci ta hanci.

Direba, mijinta, ya ce to. Ya yi shekaru yana jan bas a cikin gari kafin ya yi ritaya, kuma ya saba cewa to ga duk wanda ya sa yunifom.

Tiyatar hanjin da aka yi mata ta yi kyau, ɗinki ya kama. Abinci ne kawai ta ƙi. An kawo shayi, an kawo romo, an kawo ayaba, ta dube su ta juya fuska bango. Ƙarin ruwa ya kumbura mata hannu har nas ta koma neman jijiya a ƙafa. Robar kuwa, Malama ta ga yadda aka rirriƙe matar gadon kusa da taga aka sa mata ita. Tun ranar ta ce masa ita dai kar ya bari.

Ya koma gefen gadon ya zauna. Tsohuwar rikodarta na kan lokar gefen gado, ya kawo mata ita daga gida, amma ko sau ɗaya ba ta kunna ba.

"Malama, me kike sha'awa?"

"Ba komai."

"Ko ɗan burodi?"

"Na jiya da ka sayo warin leda yake." Ta rufe ido. "Da dai nawa ne."

Ya miƙe. Ya gyara mata bargo ya fita neman mota.

Direba bai taɓa kwaɓa fulawa ba. Abin da ya sani game da burodin Malama daga bakin ƙofar kicin ya san shi, yana tsaye da kofin shayi. Tun tana koyarwa take gasa shi a ƙarshen mako, kuma ba ta duba agogo. Kaset ɗaya take sawa, na waƙoƙin da take so tun tana budurwa. Waƙoƙi biyun farko na murza kwaɓi ne. Sauran gefen farko na tashinsa ne. Idan ta juya kaset sai gwangwanin burodi ya shiga obin, idan kaset ya ƙare burodi ya gasu.

Sai da ya tsaya a kicin ya tuna kaset ɗin na cikin rikoda, rikoda kuma na asibiti. Ya kira Auta, 'yarsu, wadda ke bakin aiki a kantin magani, ya faɗa mata abin da likita ya ce da abin da yake shirin yi.

"Baba, kai ne za ka yi burodi? Kai da ko sukari Mama ke zuba maka a shayi?"

"Na tuƙa bas ba burki a gangara, fulawa ce za ta gagare ni? Waƙoƙin mamanki nake nema."

"Ai suna cikin wayarka. Ni na sa maka su bara, a jere kamar yadda suke a kaset ɗin. Ka shiga inda aka zana hoton lasifika."

"Yis fa? Nawa take zubawa?"

"Ƙaramin cokalin nan mai lanƙwasasshen mariƙi. Ruwan ya zama mai ɗumi, ba mai zafi ba." Ta sassauta murya. "Baba, da gaske likitan yake?"

"Je ki sallami masu sayen magani," ya ce, ya kashe.

Ya jingina wayar da gwangwanin gishiri ya kunna. Muryar mawaƙiyar ta cika kicin, tas, babu ƙarar nan ta iska da ya saba ji a kaset. Ya naɗe hannun riga ya shiga kwaɓi. Da farko abin ya manne masa a yatsu kamar gam, ya ƙara fulawa, ya yi tauri, ya ƙara ruwa. Waƙa ta biyu ta ƙare kwaɓin bai yi sulɓin da yake gani a hannun Malama ba. Ya bar shi haka, don doka ta ce waƙa biyu. Ya rufe kwanon da tawul ya zauna a kujerar roba yana kallonsa. Ya ɗaga tawul ɗin ya leƙa, ya mayar, ya sake ɗagawa. Kwaɓin ya tashi kaɗan. Bai kai inda yake kaiwa ba, amma waƙoƙin gefen farko sun ƙare, sai ya zuba shi a gwangwani ya tura obin.

Ƙamshi ya fara fitowa wajen waƙa ta uku a gefe na biyu. A nan ne kawai ya ji kafaɗunsa sun ɗan sauka. Ya wanke kwanoni yana bin amshi a hankali, da muryar da Malama ke cewa ta fi dacewa da kiran fasinja.

Waƙar ƙarshe ta ƙare, ya ciro gwangwanin. Saman burodin fari ne fat. Ya sa wuƙa a tsakiya ya raba shi biyu, wuƙar ta fito da ɗanyen kwaɓi.

Ya tsaya riƙe da ita. Bai tsallake waƙa ba, bai sauya jeri ba. Ya mayar da wayar baya ya saurari inda waƙa ɗaya ke ƙarewa wata ta fara, sai ya gane abin da kunnensa ke nema tun ɗazu. Mutumin babu shi. Malama daga rediyo ta ɗauki kaset ɗinta, kuma tsakanin kowace waƙa akwai mai gabatar da shiri yana gaishe-gaishe, yana isar da saƙon wane ga wance, har da tallar sabulu. Wayar waƙoƙin zalla ta ba shi. Hanya ɗaya ce aka bi, amma ba a tsaya a tasha ko ɗaya ba, dole a iso da wuri.

Fulawar da ta rage ba za ta yi wani ba, rana kuma ta riga ta karkata. Ya haɗa ɓarin biyu ya mayar obin, ya ƙara wuta. Wannan karon ba waƙa. Ya durƙusa yana leƙe ta gilashi har saman ya yi ja, gefe ɗaya ya fara baƙi. Ya naɗe shi da zafinsa a tawul ya fita.

Bas ɗin da ya shiga ya maƙale a cunkoso. Burodin na ƙona masa cinya, yana kallon yaron da ke tuƙi yana bin layin da ba ya motsi, ya danne bakinsa. Da suka kusa ya sauka ya ƙarasa da ƙafa.

Nas na tsaye a ƙofar ɗakin mata da tire a hannu. A kan tiren akwai doguwar roba a cikin ledarta.

"Baba, likita na ɗakin da ke gaba. Yanzu zai shigo."

Malama na kwance yadda ya bar ta. Ya ajiye tawul ɗin a kan bargo ya buɗe. Ta daɗe tana kallo kafin ta miƙa yatsa ta danna saman.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni."

"Ya nuna." Ta nemi tashi, ya tallafa mata da filo. "Wa ya ce ka yanka shi ka mayar?"

"Ɗanye ne a ciki."

"Bai tashi ba ma aka sa shi a wuta." Ta gutsuri gefen da bai ƙone ba, ta shinshina, ta sa a baki. Direba ya kalli ƙasa don kar ta ga yana kallo. Ta tauna a hankali. "Gishiri ya yi yawa."

"Yadda kike zubawa na zuba."

"Ƙarya kake, Direba. Miƙo tsakiyar in ji." Ta ci tsakiyar. "A'a, gishirin daidai ne. Murzawa ce ba ka yi ba. Hannun nan naka sitiyari kawai ya iya." Ta sake gutsura, don ta tabbatar. Matar gadon kusa da taga ta juyo da kai tana kallonsu, robar na lilo a kumatunta.

Likita ya shigo a lokacin da Malama ke neman a jiƙa mata ɓawon a shayi. Ya dubi burodin, ya dubi abin da aka gutsura, wanda bai kai tafin hannu ba. Nas na bayansa da tire.

"Wannan kaɗai ta ci?"

"Tana kan ci," in ji Direba.

Likita ya latsa cikinta a hankali, ya tambaye ta ko tana jin tashin zuciya. Ta ce ba ta sani ba tukuna.

"Bai isa ba, Baba," ya ce. "Amma mu ga ko zai zauna. Idan ta mayar da shi, sai robar. Idan ya zauna, ta ƙara da safe, mu sake dubawa."

Nas ta fita da tiren, ta dawo da kwanon silba saboda amai ta ajiye a gefen gado. Direba ya ɗauke shi ya ɗora a cinya. Ya zauna yana kallon maƙogwaronta duk lokacin da ta haɗiye.

"Ka daina kallona kamar na ci guba," ta ce. Ta tsoma wani ɓawon a shayi. "Ka kashe gas da za ka fito?"

Ya buɗe baki, bai tuna ba. Ya laluba aljihu da hannu ɗaya yana neman wayar ya kira Auta, ɗaya hannun bai saki kwanon ba.