Dokar Faɗin Suna

Shekara goma sha ɗaya ina zaman gyaran hali da mazan da ke dukan matansu, duk Laraba, a garinmu da ke tsakiyar tsibirin Jawa. Dokata ɗaya ce, kuma ina ji da ita: ba a cewa "matar nan" ko "uwar yara". Sunanta za ka faɗa. Na ga ƙatti sun kasa furta suna ɗaya, don da zarar ka ambace ta, ta tashi daga kayan ɗaki ta zama mutum.

Da aka kira ni gidan yari in yi irin wannan zama da waɗanda aka ɗaure kan fyaɗe, na kwashi dokata yadda take na tafi. Abokin aikina Gunadi, wanda kamar kowa yake ce mini Bu, wato Malama, ya ce, "Bu Wartini, waɗannan fa ba matansu ba ne." Na ce masa tun yana makaranta nake wannan aiki.

Su takwas ne. Wanda ya fi ba ni ciwon kai Sukaryo, direba ne da ke kai ɗalibai makarantar kwana. Kullum "yarinyar", kullum "abin da ya faru", kamar ruwan sama ne ya sauko. Haushinsa nake ji, ba na ɓoyewa. Shari'arsa a rufe aka yi, ko a takardun da aka ba ni harafin farko na sunanta kawai aka rubuta. Na gani, ban tsaya na tambayi kaina dalili ba.

A mako na huɗu na tsare shi. Pak Karyo muke ce masa, wato Malam Karyo.

"Pak Karyo, ba ta da suna ne?"

"Tana da shi, Bu."

"To muna jin ka."

Ya daɗe yana murza hularsa. Can ya ce, "Lasmini. 'Yar Pak Harjo mai gyaran keke."

Na ce madalla. Har daɗi na ji a raina.

Sai Darmaji ya ɗago kai. Mai tallan miyar taliya ne, da amalankensa ya san kowane lungu na ƙauyukanmu, kuma ranar Alhamis za a sake shi daga gidan yarin.

"Harjo na bakin gada? Ikon Allah. Ai cewa suka yi ciwon ƙirji ya sa ta bar makaranta. Kanti ma take tsarewa yanzu."

A nan na gane. Matar da mijinta ke duka, duk unguwa ta san sunanta, shi kaɗai ke gudun faɗa. Wannan kuwa shekara biyu iyayenta suna rufe nata, ni na sa aka buɗe shi gaban maza takwas.

Tun ranar na sauya dokar. Kowa ya faɗi abin da ya aikata da bakinsa, "ni na yi", sunan kuwa ya bar wa mai shi. Gunadi bai ce ai na gaya miki ba, da ma ya faɗa da na fi samun sauƙi.

Ranar Alhamis na tari Darmaji a bakin ƙofa, yana rungume da ledar kayansa. Ban taɓa roƙon ɗayansu komai ba, amma shi na roƙe shi.

"Haba Bu, ni ba mai surutu ba ne," ya ce. "Ki kwantar da hankalinki. Matata kaɗai zan gaya wa."