Ƙudaje a Kan Injin Babakura

Ni Hashim, a bakin titin Gamboru a Maiduguri nake gyaran Keke Napep, ƙarƙashin wata dogonyaro. Da babur na koyi aiki, da aka hana babur a garin nan na koma keke, inji dai inji ne. Ba ni da shago, ba ni da allo. Abin da na mallaka kawai shi ne sunana: in direba ya ce "Hashim ne ya taɓa," ba a ƙara tambaya. Da azahar direbobin layinmu a wurina suke tsayawa, matata Rahmat ta aiko da abinci, a juye a faranti ɗaya kowa ya sa hannu.

To wannan sunan Babakura ya tashi ɓata mini.

Babakura ya girme ni, a Kasuwar Shanu yake lodi. Da Rahmat ta haihu ragon sunan da na samu ƙarami ne, shi ya kawo cinyar saniya guda ya ce gudummawarsa ce, har da ƙafafu na ƙaurin mai jego. Da naman aka yi shinkafar suna, kaf direbobin layin nan ba wanda bai ci ba. Don haka da kekensa ya fara hayaƙi na ce ya kawo. Na sauke injin, na sa sabon ring da fiston, na yi aikin kamar na ubana.

Ba a jima ba sai ga shi ya dawo, daidai ana cin abinci, ko sallama babu.

"Hashim! Gyara ka yi mini ko wuta ka hura? Fasinja sai ɗaga mazaunai yake kamar ya zauna a kan tanda!"

Aka kwashe da dariya. Na haɗiye, na ce masa sabon ring dole ya ɗan yi zafi kafin ya zauna, amma ya kawo in gani. Na duba baƙin mai, yana nan cike. Na cire fulogi, launinsa lafiya. Fankar da ke hura wa injin iska ba fiffiken da ya karye. Na sake saita bawul, na wanke kafireta ko da mai ne ba ya isa. Na hau keken da kaina har Wulari na dawo cikin ranar nan ta Maiduguri, na ɗora hannu kusa da injin. Zafin inji ne kawai irin na kowa.

Washegari ya dawo. Na sake bi, na sake zagayawa, lafiya lau. Ya tafi, ya kuma dawowa. A hannuna keke salihi, a hannunsa shaiɗan. Shi kuma bakinsa bai huta ba, daga Gamboru har bakin kasuwa ya gaya wa kowa Hashim ya ƙona masa inji. Da idona na ga Musa, wanda tun kekensa na farko ni nake gyara masa, ya wuce ni ya kai wa wani bakanike. Obadiah kuwa, shi ma direban layinmu, da yake mai kunya ne, gefe ya ja ni ya ce, "Oga, ko kayan da ka saya ne jabu?" Wallahi da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Ran da abin ya fashe, Babakura ya ajiye keken da hantsi ya ce in ban gano ba yau, gaban shugaban ƙungiyar direbobi za mu. Ya koma inuwa wajen su Musa ya harɗe. Na buɗe bayan keken na tsuguna, na rasa ma abin da zan kwance, sai kallon injin nake. A nan na lura da ƙudaje. Manya, koraye, suna ta sauka a kan haƙarƙarin injin, waɗannan siraran ƙarafan da iska ke ratsawa ta kwashe zafi. Tun ina saurayi nake cikin baƙin mai, ban taɓa ganin ƙuda ya so shi ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Na cire murfin fanka na tura sukudireba can ciki tsakanin ƙarafan, inda ido ba ya kaiwa. Abin da ya fito ba giris ba ne. Wani daskararren abu ne ruwan ƙasa, ya cakuɗe da yashi da gashi. Na kai hanci. Tir! Kitse ne da jini, sun dahu, sun ruɓe, sun sake dahuwa. Sai da na juya na tofar da yawu.

Na ɗaga kai na duba saman injin, ƙasan kantar da ake ɗora kaya. Ga ramukan noti sababbi, bakinsu na ƙyalli, alamar kullum ana ɗaurawa ana kwancewa. Wato akwai wani abu da ake ratayawa a nan ya toshe hanyar da iska mai zafi ke fita, kuma ana cire shi kafin a kawo mini. Tsohon inji ya daure, sabon ring ya ce ba zai iya ba.

Na yafito Babakura da hannu. Ya zo yana taku ɗai-ɗai.

"Yaya, me kake ɗaurawa a nan?"

Ya dubi ramukan, ya dubi sukudireban. Muryar nan da ta cika Gamboru ta koma kamar ta mara lafiya.

"Akwati ne na ƙarfe. Ɗan nama nake sawa."

"Mai nama a daro yake sa shi a gaban fasinja, kowa na gani. Wane nama ne sai an ɓoye shi a kan inji?"

Ya tsuguna kusa da ni. Ya ce shanu daga nesa ake kawo su a mota, wata kafin a sauke ta ta riga ta cika, ba a kai ga wuƙa ba. Masu duba nama binnewa suke sawa a yi. Shi kuma akwai masu ba shi naman ya fitar ta bakin ƙofar kasuwar a ɓoye, akwai masu saye.

"Mushe?" na ce. "Mushe kake raba wa mutane? Allah wadaranka, Babakura! Kuma ka bi gari kana zagin aikina?"

"Ni ina na san akwatin ne ke kawo zafi?" Ya ƙara matsowa har ina jin numfashinsa. "Ka kankare, ka ce ring ne ka gyara, magana ta mutu. In kuwa ka buɗe baki, ka tuna cinyar da aka dafa ranar sunan ɗanka. Daga ina kake tsammanin ta fito?"

Innalillahi. Na tuna Rahmat tana shan romon ƙafafun nan tana shayar da yaro. Na tuna limamin unguwarmu yana suɗe hannu. Ni kaina har da ƙashi na tauna. A gefen tayar na durƙusa na amayar da kunun safe, shi kuwa yana tsaye a kaina har da "sannu."

Su Musa suka taso. "Lafiya, Oga? An gano?"

Babakura ya kafe ni da ido. Kalma ɗaya ce, in ce ring, kowa ya watse, gobe a ci gaba da sauke wa mutanen gari ƙazanta a tukunya. Na goge baki da hannun riga na miƙe.

"Musa, ka ci shinkafar sunan ɗana?"

"Har ƙari na yi. Me ya faru?"

"To ku matso ku shinshina wannan."

Na faɗa musu duka, ban rage ba, har cinyar. Obadiah ya toshe baki ya yi bayan bishiya. Musa ya yi ta tofar da yawu yana a'uziyya. Kafin la'asar ƙungiya ta karɓe makullin keken Babakura, aka tafi da shi wajen masu duba nama.

Yanzu ba mai cewa na ƙona inji. Musa ya dawo da kekensa, har baƙi ake turo mini, wai ga wanda ƙuda ya nuna wa matsala. Rahmat ta zubar da tukunyar da aka yi ƙaurin, har yau ba ta sa nama a baki ba.

Jiya da azahar ta aiko da shinkafa da wake, ko ƙamshin nama babu. Na juye a farantin, na ce bismillah. Musa ya ce ya ci a gida. Obadiah ya ce cikinsa ba daɗi. Sauran kowa ya sunkuya yana danna waya. Na ja farantin gabana na ci gefena, ragowar na rufe da murfi saboda ƙudaje.