Tanko da Jakinsa Auraki

Laifin da zan faɗa shi ne mutum ya ƙaryata zuciyarsa don kada a ce ya yi rauni. Ku saurara.

Tanko na Tsibiri da abokinsa Idirisa na Jiratawa sun shirya sayar da jakunansu, su sayi moto, wato babur, su shiga kabu-kabu cikin Maraɗi. Ranar kasuwa suka kora jakunan tare. Idirisa na tafe yana dariya, can kuma ya share ido da hannun riga.

Tanko ya ce, "Kai, mi ya same ka? Biki za mu ko zaman makoki?"

Idirisa ya ce, "Duka biyu, aboki. Moto ina son shi, jakin nan kuma ba na son rabuwa da shi."

"To zaɓi guda! Namiji zuciyarsa ɗaya ce."

"Tawa dai biyu ce, kuma duk ciki guda suke zaune."

Da ciniki ya faɗa, Idirisa ya kwance igiyar jakinsa ya riƙe, kamar yadda masu dabba ke yi in suna ƙaunarta. Ya tambayi mai sayen sunansa da unguwarsu. Mutumin ya yi dariya ya ce, "Mamman Lawali, mai kai ruwa a Sabon Gari. Ka zo gaisuwa duk ran da ka so."

Shi kuwa Tanko, don a ga jarumta, tayin farko ya ce ya sallama. Ya miƙa Auraki har da igiya, bai tambayi sunan baƙon da ya saya ba, bai waiwaya ba. Alhali tun daga gida kewar jakin ta kama shi.

Sati bai cika ba abin ya fito. In ya ɗauko fasinja ya ji kukan jaki, sai ya taka birki ya bi lungu, yana zaton Auraki ne. Wata rana ya kai wata tsohuwa har bakin gulbi yana bin wani jan jaki, ita kuwa asibiti za ta. Ta sauka tana cewa, "Ɗan nan, ni ka ɗauko ko jakin?"

Matarsa Larai ta ce, "Malam, in kewa ce ka faɗa mana."

Ya ce, "Wace kewa? Hanya nike koyo."

Idirisa kuwa in ya bi ta Sabon Gari sai ya tsaya, ya ba tsohon jakinsa 'yar dusa, ya sosa masa kunne, ya hau motonsa yana waƙa. Kewar na nan, daɗin na nan, ba wadda ta hana shi aiki.

Tanko ya zagaye kasuwanni yana tambayar mutumin da bai san sunansa ba. Ga abin da ya rasa: Auraki har abada, man fetur na damina guda da ya ƙone a banza, fasinjojin Tsibiri da suka koma wa wasu, da kuma sunansa, don yanzu a tasha Sarkin Jakuna ake kiransa.