Abincin Manaja

Shekara talatin da ɗaya Uwar Kicin ta yi tana dafa wa 'yan makarantar kwana abinci, kuma har ta yi ritaya ba a taɓa dawo mata da faranti da saura ba. Da wannan take tinƙaho a duniya. Don haka ranar da 'yar cikinta ta miƙo mata takarda a kan yadda ake ciyar da kunkuru, sai da abin ya ɓata mata rai.

Kunkurun ruwa ne, na jikarta, yarinya 'yar shekara tara da ke fama da ciwon sukari tun tana ƙarama. Saboda ciwon nan ba a taɓa barin ta ta kwana gidan kakarta ba, ko sau ɗaya. A kawo ta da hantsi, uwar ta zauna ta zuba ido a kan duk abin da ya nufi bakinta, kafin la'asar a tafi. Uwar Kicin ta roƙa, ta yi fushi, ta kai ƙara wajen surukinta, duk a banza. Sai bana, da wurin aiki suka tura uwar yarinyar kwas na wata biyu a wani gari. Za ta tafi da yarinyar, amma masu masaukin ba su yarda da dabba ba.

"Mama, ki riƙe mana Manaja," in ji ta. "In muka dawo lafiya, dogon hutu sai ta zo ta yi miki sati biyu."

Sati biyu! Uwar Kicin ta kusa rawa. Aka shigo da akwatin gilashi aka ɗora a kan teburin falo, da ruwansa, da fitilar da ke ba shi ɗumi, da dutsen da yake hawa ya baje ƙafafu ba ya aikin fari ba ya na baƙi. Wannan zaman ne ya sa jikar ta raɗa masa suna Manaja. 'Yar ta manna takardar a jikin gilashin ta karanta mata layi-layi. Ƙwayoyin abincinsa na gwangwani, kaɗan, sau ɗaya a rana. Koren ganye, ɗan gogaggen karas, tsutsar tana ko ƙananan kifi jefi-jefi. Ban da burodi, ban da madara, ban da abin da ya ga mai ko gishiri.

"Zai yi ta roƙo, Mama. Haka suke, ko sun ƙoshi. Kada ki biye masa."

"To, malama, na ji. Ni za a koya wa ciyarwa."

Kwana uku ta bi takardar. A na huɗu ta shinshina gwangwanin nan ta yamutsa fuska. Wannan ƙarni, a ce abinci? Ga Manaja kuma, da zarar ta gifta sai ya taso yana kaɗa ƙafafu a jikin gilashi, wuya a miƙe, baki a buɗe. Ta san wannan kallon. Ta gan shi a idon yara ɗaruruwa a bakin tagar kicin, kuma ba ta taɓa iya juya masa baya ba. Ta gutsuro burodin da take karyawa da shi, ta tsoma a madara, ta jefa. Ya wawure kafin ya nutse.

"Ka ga ni! Ashe yunwa suke bar maka, bawan Allah."

Daga nan ƙofa ta buɗe. Soyayyen nama, kitsen kaza, wainar ƙwai, guntun biskit. Duk abin da ta ci, Manaja ya ci, safe da rana da yamma. Ganye kuwa ya daina ko kallonsa, ita kuma ta ce ai ya waye ne. Ruwan ya fara yin maiƙo a sama yana tsami, sai ta riƙa sauya shi tana mita. In jikar ta bugo waya ta ce, "Kaka, yana cin abinci?" sai ta amsa da gaskiyarta, "Ƙawata, ci kamar ya cinye gilashin." Kuma ba ƙarya ta yi ba. Ita dai a iliminta, wanda ya cinye ya samu lafiya.

A sati na bakwai Manaja ya daina tasowa. Idanunsa suka kumbura suka rufe, yana iyo a karkace. Ta taɓa bayansa ta ji gefen ƙoƙon ya yi laushi. Ta yi abin da ta sani kaɗai, ta dafa masa hanta da ɗan gishiri don ya ji daɗin baki. Bai ko juyo ba.

Ranar da suka dawo, yarinyar ta shigo da gudu, ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba, ta durƙusa gaban gilashin. Ta ƙura wa Manaja ido. Uwar ta ajiye jaka, ta ɗauki gwangwanin ta girgiza, ta ji shi cike dam. Ta mayar da shi kan tebur, ta ce su tashi a kai shi asibitin dabbobi.

Likitan dabbobi ya juya Manaja a tafin hannu, ya buɗe bakinsa, ya tambayi me yake ci. Uwar Kicin ta lissafa masa tas, har da ɗan alfahari, don ba ƙaramin kashe kuɗi ta yi ba. Mutumin ya cire gilashin idonsa.

"Baba, cikinsa ba ya narkar da madara. Burodi cika ciki ne kawai, mai da gishiri kuma cuta ne a wajensa. Wata biyu yana ƙoshi amma jikinsa na cikin yunwa. Zai iya tashi in an dage, sai dai ba zan yi muku alkawari ba."

A bakin ƙofar asibitin yarinyar ta shige mota da kwalin kunkurun a cinya, ta juya fuskarta ga taga. Uwar Kicin ta kama hannun 'yarta. Kunya ta ishe ta, amma tsoro ya fi kunyar.

"Hutun fa? Kin yi mini alkawari."

"Mama, takardarsa layi bakwai ce. Ta yarinyar nan shafi uku. Ita kuma in aka kuskure, ba ido ne zai kumbura ba."

"Dabba daban, mutum daban! Wallahi zan bi. Layi-layi zan bi."

"Na san za ki so ki bi." Muryar 'yar ta yi sanyi, babu faɗa a ciki. "Kwana uku za ki bi. Rana ta huɗu sai ta tsaya miki a ƙofar kicin ta ce, Kaka, yunwa nake ji. Faɗa mini me za ki yi."

Uwar Kicin ta buɗe baki za ta sake rantsewa. Ta hango yarinyar tsaye a ƙofar kicin ɗinta, ta hango hannunta ita kanta yana miƙa faranti, sai rantsuwar ta ƙi fita. 'Yar ta jira ta har na ɗan lokaci, sannan ta zare hannunta a hankali ta shiga mota.