Mai Kunne a Ɗakin Shiru

A sashen nazarin kiɗa na jami'ar babu mai kiransa da sunan yanka. Mai Kunne ake ce masa, daga shugaban sashe har mai gadin ƙofa, kuma ba don kunnuwansa sun fi na kowa faɗi ba, ko da yake su ma ba laifi. Shi ne malamin haɗa sauti. Idan makaɗa da mawaƙa sun gama nasu, an naɗi ganga daban, jita daban, murya daban, shi ke zama gaban dogon teburin nan mai madannai rututu, ya ɗaga wannan ya sauke wancan har su zama waƙa guda. Ɗalibai suna yawan ba da labarin ranar da yana wucewa ta baranda ya leƙo sutudiyo ya ce wata tsirkiyar jita ta saki. Aka duba, ta saki ɗin. Bai taɓa hana ba da labarin ba, don daɗinsa yake ji.

Yana da wata ɗabi'a da duk wanda ya bi ta ajinsa ya sani. Akwai wani baƙin ƙyalle rataye a ƙusa bayan ƙofa. Da an zo sauraren aikin ɗalibi sai ya ɗauko shi ya lulluɓe allon kwamfuta, inda sauti ke fitowa a zane yana hawa yana sauka.

"Wanda zai sayi faifan nan da ido zai saurara?" in ji shi. "Ku rufe idanunku. Abin da kunne bai ji ba, babu shi."

To, an daɗe rabon ƙyallen nan da ya sauko daga ƙusarsa. Ɗalibai suka ce ai tsufa ne ya fara sanyaya Malam. Shi kaɗai ya san abin da ya sanyaya shi.

A gida abin ya fara, wata safiya yana tsaye a kicin yana ɗaure agogo. Matarsa ta shigo da gudu ta kashe wuta.

"Haba Baban yara! Butar nan tana ta fito kamar za ta tsaga gidan, kai kana tsaye a kanta. Ni ka saba yi wa kunnen uwar shegu, yanzu har buta?"

Ya yi dariya, ya ce tunanin aiki ne. Amma ba tunanin aiki ba ne. Ya ga tururi, ya ji tafasar ruwa, fiton ne kawai bai ji ba, ko alama. Daga ranar ya soma lura. Siraran sautuka ne suka fara guduwa: ƙarar kacau-kacau, shaƙar numfashin mawaƙi kafin ya ɗauki baiti, ɗan kukan da ƙofar firji ke yi idan an bar ta a buɗe. A gurbinsu wani siririn ƙugi ya tare a kunnensa na hagu, ba ya tafiya, ba ya hutawa. Na daman da sauƙi, amma shi ma ba kamar da ba.

Bai je asibiti ba. Likita zai raɗa wa abin suna, kuma shi a ganinsa abin da ba a raɗa wa suna ba yana iya gajiya ya tafi. Wauta ce, ya san wauta ce, amma tsoro ba ya shawara da ilimi. Sai ya koma yin abin da ya yi shekara da shekaru yana zagin ɗalibai a kai, wato haɗa sauti da ido. Ya kafa wa allo ido, in zanen ya ce sama ta yi yawa ya sauke, in ya ce ta yi kaɗan ya ɗaga. Ranar da ya kuskura ya bi kunnensa, wani ɗalibi ya ce, "Malam, ba ta yi kaifi da yawa ba?" Ya daka masa tsawar da har yau yaron bai san laifinsa ba. Da aji ya watse ya dawo shi kaɗai, ya duba allo, ya sauke abin da ya ɗaga.

Ana cikin haka Mai Ganga ta zo da nata. Tsohuwar ɗalibarsa ce, ita ke kaɗa ganga a rukunin makaɗan sashen kafin ta ajiye sanduna ta shiga digiri na uku. Bincikenta a kan kunnuwan ma'aikatan sutudiyo ne: yadda zama gaban lasifika ke cin jin mutum a hankali, da kuma lokacin da ya kamata mutum ya tashi daga teburin ya ba wani. Shugaban sashe ya ɗauki binciken da zafi. Ya ma faɗa a taron malamai cewa da shi za a riƙa duba wanda zai haɗa faifan ƙarshen shekara, da wanda zai zauna sauraren jarrabawa. Kowa ya waiwaya ya kalli Mai Kunne ana murmushi, don an san shi wannan magana ba ta shafe shi ba.

"Malam, kai nake jira," Mai Ganga ta ce masa a baranda. "Na auna kowa. Ina son kunnen da zan riƙa auna sauran da shi."

"Daktar gobe, ni kuma me za ki samu a kunnen tsoho? Bari na gama da 'yan aji huɗu."

Ya gama da 'yan aji huɗu. Sai mura ta kama shi, murar da ba wanda ya ga hancinsa na zuba. Sai taro, sai baƙi. Ya koma bin matakalar baya don kada ya wuce ta ƙofar ofishinta. Ita kuwa ba ta fushi, ba ta gajiya, sai dai ta gaishe shi ta ce, "Ina nan dai, Malam."

Wata rana da hantsi ya fito daga aji ya yi kiciɓis da ita, ga shugaban sashe a gefenta riƙe da kofin shayi.

"Yawwa, ga shi nan!" in ji Shugaba. "Ranka ya daɗe, yarinyar nan ta ce kai kaɗai ka rage. Ka taimaka ka ba ta kunnen nan ta gani, mu ma mu san inda muka tsaya. Ni da aka auna ni cewa aka yi in gode wa Allah da nake jin ƙararrawar tashi."

Shugaba ya yi dariya shi kaɗai. Mai Kunne ya ga babu sauran hanyar zillewa. Ya bi bayan Mai Ganga kamar wanda za a cire wa haƙori.

Ɗakin shiru yana can ƙarshen ginin. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, bangonsa da rufinsa duk an manne su da soso mai tsini-tsini, ƙofarsa mai kauri kamar ta ɗakin sanyi. Kujera ɗaya ce a ciki, tana fuskantar tagar gilashi, a bayan gilashin kuma teburin mai gwaji. Shi da kansa ya zaɓi sosan nan lokacin da ake gina ɗakin, har ya yi rigima da 'yan kwangila a kansa.

Mai Ganga ta kifa masa hedifon a kunnuwa, ta damƙa masa wani ɗan madanni mai waya.

"Ka san abin, Malam. Zan riƙa turo sauti ɗaya-ɗaya, daga mai kauri zuwa siriri. Duk wanda ka ji, ka danna. Jar fitilar da ke kan teburina za ta kama."

Ta fita ta ja ƙofa. Iska ta matse, duniya ta ɗauke. Nan ya gane kuskurensa na farko: a waje hayaniya na rufa wa ƙugin nan asiri, a nan kuwa ba abin da zai ɓuya a bayansa. Ƙugin ya miƙe ya cika ɗakin. Yana jin bugun zuciyarsa a wuya, yana jin yawun da yake haɗiya. Ya rufe ido, don haka ya koya wa kowa, kuma don ba zai iya kallon fuskarta ba.

Sauti na farko ya zo a kunnen dama, mai kauri, kamar kukan babbar mota daga nesa. Ya danna. Na biyu. Ya danna. Suka yi ta hawa yana bi, har ya soma jin gwiwarsa na dawowa. Can sama-sama ɗaya ko biyu suka zo masa dishi-dishi, amma ya cafke su.

Sai aka koma hagu.

Masu kaurin suka zo, ya amsa. Na tsakiya suka zo kamar daga ɗakin maƙwabta. Zufa ta keto masa a ƙarƙashin hedifon. Ya san saura kaɗan ya iso bakin ramin. A daidai nan ya lura da wani abu, abin da likita ba zai lura da shi ba, sai wanda ya ƙare rayuwarsa cikin kiɗa. Ƙa'idar gwajin ita ce a turo sautin a hargitse, yadda mai saurare ba zai san lokacin zuwansa ba. Amma Mai Ganga makaɗiya ce. Hannunta bai iya hargitsi ba. Ba tare da ta sani ba, a kan kari ɗaya take turowa, tazara ɗaya, kamar mai riƙe wa mawaƙi kiɗa.

Babban yatsan ƙafarsa ya kama karin a cikin takalmi.

Sauti ya zo, da ƙyar ya ji shi. Ya danna. Na gaba ya zo ko bai zo ba, Allah kaɗai ya sani, ƙugin ya haɗiye komai. Ƙafa ta ce yanzu. Ya danna. Ya ɗan jinkirta kaɗan kamar yadda mai ji da gaske zai yi, don shi ko a ha'inci ba ya son aikin banza. Ƙafa ta ce yanzu, ya danna. Babu komai a kunnensa sai ƙugi, amma karin na nan daram, kuma bai taɓa sakin kari ba tunda yake. Wani sanyi ya ratsa shi. Ashe za a tsallake. Zai koma teburinsa, zai haɗa faifan ƙarshen shekara, ba wanda zai ji labari. Ya ci gaba da dannawa, idonsa a rufe, har ya fara jin tausayin yarinyar.

Sai dai gwajin ya ƙi ƙarewa. Ya san tsawon da ya kamata ya yi, an wuce nan. Ko ta ƙara wasu sautukan ne saboda shi? In ya tsaya alhali tana turowa, asirinsa ya tonu. Ya danna. Yatsansa ya fara sanƙarewa. Ya sake dannawa. A ƙarshe ya kasa daurewa, ya buɗe ido ɗaya.

Mai Ganga ba ta kan kujerarta. Tana tsaye nesa da teburin, hannayenta biyu a harɗe a ƙirji, nesa da duk wani madanni. Shugaban sashe na gefenta, ya biyo su ya ga abin mamaki, kofin shayinsa ya tsaya a hanya bai kai baki ba. Ba shi suke kallo ba. Jar fitilar suke kallo.

Ƙafa ta ce yanzu. Kafin ya hana shi, yatsan ya danna. Fitilar ta kama a fuskokinsu, ta mutu.

Bai san tsawon lokacin da ya ɗauka a zaune ba kafin ƙofar ta buɗe. Mai Ganga ta shigo ta mayar da ita ta rufe. Ba ta tsaya a gabansa ba. Ta zagaya ta bayan kujera ta dawo ta damansa, ta ɗage hedifon ɗin, sannan ta durƙusa.

"Malam, an gama."

"Tun yaushe?"

"Tun shigowar Shugaba na tashi daga..."

"Ba wannan ba." Ya katse ta. Yanzu ne ya tuna: a baranda, a taro, a gaban teburin haɗa sauti, kullum ta damansa take tsayawa. "Tun yaushe kika sani?"

Ta sunkuyar da kai. "Tun da ƙyalle ya daina saukowa. Na so mu yi shi mu biyu, ka gani da idonka. Wallahi ban san zai biyo mu ba."

Ta gilashi ya hango Shugaba ya ajiye kofin, yana ta gyara wasu wayoyi da ba su nemi gyara ba. Mai Kunne ya dubi madannin da ke hannunsa, ya jiƙe sharkaf da gumi. Tsoron bai tafi ba. Da can tsoron a sani yake ji. Yanzu an sani, sai ga wani ya taso a bayansa wanda ya fi shi girma: shi kansa bai san iyakar abin da ya rage masa ba.

"Koma ki sake," ya ce.

"Malam, ba sai yau ba."

"Yau. Kuma 'yata, ki saki karin nan. Kiɗa kike min, ba gwaji ba. Ki hargitsa shi."

Ta miƙe. Ta mayar masa da hedifon, ta fita, ƙofa ta matse.

Wannan karon bai rufe ido ba. Ya take yatsan ƙafarsa da ɗaya ƙafar. Masu kaurin suka zo, ya danna. Na tsakiya suka zo, ya danna wasu. Daga nan sai ƙugi. Yana kallonta ta gilashi, hannunta ya sauka a kan madanninta, ta ɗago ta dubi fitila. Ta murɗa wani abu, ta ƙara ƙarfi, hannun ya sake sauka. Ta sake ƙarawa.

Ya ɗage yatsansa sama da madannin, ya karkata kai hagu kamar yadda ya saba yi idan yana farautar tsirkiyar da ta saki, ya ci gaba da jira.