Hanya Biyu, In Ji Likita

… kuma sai likitan ya zana mini a bayan katin asibiti, da jan biro. Mahaifa a tsakiya, bututu dama da hagu. "A nan aka yanke, a nan aka ɗaure." Ina kallo kamar jikin wata ake nuna mini. Yanzu ga ni kan benci a ƙofar wani shagon magani a Tunga, kekuna sai wucewa suke. Ƙafafuna lafiyarsu lau. Tashin ne dai.

Yona, kai ka sa hannu a takardar ɗaure bututun. Ba laifi nake ɗora maka ba. Aikin haihuwa na uku, jini ya ƙi tsayawa, Lilian na ta tsala kuka a hannun nas — suka ce in na sake ɗaukar ciki ba lallai in tashi ba. Ka sunkuyo ka tambaye ni, na ɗaga kai. Yara uku sun ishe mu. Mu ɗin… ni da kai. Wa ya ce mini bayan shekara huɗu za mu binne ka a Maikunkele?

Hanya biyu, in ji likita. Ko a sake buɗe ni a haɗa bututun — amma abin da ya rage gajere ne, ciki zai iya maƙalewa a wurin, ya fashe. Ko Abuja. Allura kullum, a ɗebo ƙwaina, a haɗa da na mijina a waje, a mayar mini. "Madam, shekara talatin da takwas, kada ki daɗe kina tunani." Na ce to. Har godiya na yi masa.

Mijina. Har yau in na faɗi kalmar fuskarka nake fara gani, sannan ta Shekwolo. Kafin aure na gaya masa komai, ban rage ba. Ya ce, "Hadassah, ke na zo nema." Shi ke yi wa Lilian aikin gida na makaranta. Shi ya koya wa ɗanmu Josiah aski. Bai taɓa tambaya ba, ko sau ɗaya. Amma ran Lahadi a coci aka miƙa masa jaririn Rose… yadda ya tallabe kan. Har aka tashi bai mayar ba, sai da uwar ta zo da kanta. Ba shi da nasa. Ko ɗaya.

Warin ɗakin tiyata — wannan sanyin, fitilar nan a saman kaina. Tabon yana ƙaiƙayi in hadari ya haɗu. In na shiga ban fito ba fa? Yara uku, ba uba, ba uwa? Ya kamata in ji tsoro. Na laluba, ban same shi ba. Marmarin haihuwar ma babu. Fili kawai.

Waya na motsi a jaka. Shekwolo ne. Na ce masa Sabon Gari zan je sayen zare.

Me na zo nema ma? Ashe… so nake likita ya ce babu hanya. In koma gida in yi kuka a ƙirjinsa, ya ce haka Allah ya so, a rufe maganar. Sai ga shi ya ce akwai. Har biyu.

Wayar ta katse. Ta sake. In na ɗauka zai ce, "Kin samu kalar da kike so?" — ni kuma in ce masa me?