Ai Naki Ne, Yaya

A gidanmu ni kaɗai ce nake kiranta Auduga. Sauran mutanen gida "zomon nan" suke cewa, Baba kuwa in ya yi tuntuɓe da kwanon ruwanta sai ya ce "naman nan". Malama Rifkatu ce ta ba ni ita, maƙwabciyarmu da ke aiki a ɗakin karatu na jami'a. Ta kawo mini ita a kwali tare da wani ɗan littafi na kula da zomaye, ta ja mini kunne kada in ɗaga ta da kunne, kada kuma in ba ta ciyawa mai raɓa.

Riƙon zomo a Wudil da bazara ba wasa ba ne, zafi yakan kashe su kafin a ankara. Sai na matsar da kejinta gindin randa inda ƙasa ke da sanyi, in rana ta take in jiƙa tsohon buhu in rufa a kai. Da yamma in je wajen masu kayan lambu na bakin titi in roƙi ganyen dankali da latas ɗin da suka ware, in baza shi ya sha iska kafin in ba ta. Ni da a waje ko gaisuwa sai na yi bitarta a zuci kafin in furta, saboda Auduga na koyi roƙon ganye. Duk wanda ya shigo ya ga wannan hidima, tambayarsa ɗaya ce, yaushe za a ci. Umma ma takan ce a iya saninta duk abin da ake ba dusa wuƙa yake jira.

Duk cikinsu ba wadda nake tsoro kamar Gwaggo Barakatu, yayar Baba. Daga Utai take zuwa cin kasuwa ranar Juma'a, gidanmu ne masauƙinta. Kowa ya san in baƙo ya yaba abinka za ka ce "ai naka ne", shi kuma ya ce "Allah ya bar maka abinka", a wuce wurin. Magana ce mai ƙafa biyu, amma Gwaggo ta farkon kawai ta sani. Ta haka mayafin sallar Umma ya koma Utai, ta haka tabarmar zaure ta bi shi, har ludayi bai tsira ba. Kuma ba rashi ba ne, mace ce mai awaki da rumbu. Ido ne kawai da ba ya ƙoshi.

Saboda haka kowace Juma'a nakan ja kejin in ɓoye a bayan ɗakin girki. Ranar da abin ya faru ban yi ba. Zafi ya yi yawa, ga Auduga ta tashi da wani sabon hali, tana cika baki da harawa tana kaiwa lungun keji, tana tsige gashin ƙirjinta da na cikinta tana shimfiɗawa a kai. Na duba littafin, ya ce zomanya takan yi haka in jikinta ya raya mata haihuwa, ko da ba namiji a kusa, ba ciwo ba ne, a ƙyale ta kada a dame ta. Na ƙyale ta a gindin randa, da niyyar in ɗauke ta kafin azahar. Gwaggo ta yi sallama da hantsi.

Aka yi gaisuwa, ta tambayi gida da zafi da gajiya da mutanen da ba ta damu da su ba. Umma ta kawo mata shinkafa da soyayyen kifin bakin gada a sabuwar kularta. Gwaggo ta barbaɗa gishiri a kan abin da ba ta ko ɗanɗana ba, tana ci tana ba da labarin hawan jininta. Wai wani mai magani a kasuwa ya ce mata ta bar jan nama, ba abin da ke saukar da jini kamar naman zomo, ga shi ta nema ta rasa. Da ta siɗe yatsu ta ce ba ta son ruwan firji, na randa take so, ta miƙe da kanta.

Ta daɗe a tsaye a kan kejin da moɗa a hannu.

"Masha Allah," in ji ta, ta juyo wajen Umma. "Murja, ashe maganina yana gidanku. Dubi ƙiba."

Umma ta kalle ni. Abina ne, ni ya kamata in faɗi kalmar. Na buɗe baki. Abin da ya fito kawai shi ne, "Sunanta Auduga, Gwaggo."

"Suna?" Ta yi dariya har ruwa ya zube daga moɗar. "Yaushe aka yi sunan ba a gayyace ni ba? Wa ya yanka ragon? Kin ga abin da boko ke jawowa, Murja, yarinya ta rasa ƙawa sai miya."

Ba a barin yabon yayar miji a rataye, Umma ta sani, ni ma na sani. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ai naki ne, Yaya."

Gwaggo ba ta ko yi tayin ƙi ba. Ta sa albarka, ta ce a nemo mata igiya da buhu, ɗanta zai yanka mata in ta isa gida. Ta buɗe kejin ta damƙi kunnuwan Auduga ta ɗaga ta sama kamar ta tsinci tsumma. Auduga ta shiga shure-shure, farin gashi ya tashi daga cikin keji ya sauka a hijabin Gwaggo. A nan cikin Auduga ya bayyana, daga ƙirji har ƙasa ba gashi, sai jar fata.

Dariyar ta tsaya. Ta miƙar da hannu nesa da jikinta.

"Ke 'yar boko, mene ne wannan?"

Na san amsar, har shafin ina gani a idona. Ni ce a gidan nan ba a faɗin abu ba daidai ba in yi shiru, har Baba yana ce mini rediyo. Amma in na ce lafiyarta ƙalau, buhu yana jira. Ƙarya kuma ba zan iya yi wa babba ido da ido ba. Sai na ce, "Da kanta take tsigewa, Gwaggo. Da haƙori. Tun jiya ba ta huta ba."

"Ƙazuwa," in ji Gwaggo, ta saki kunnuwan.

Na tare Auduga kafin ta kai ƙasa, na rungume ta, zuciyarta tana bugawa a tafin hannuna. Gwaggo kuwa ta cire hijabin ta kakkaɓe, ta nemi toka da sabulu ta dirje hannu har gwiwa, bakinta bai tsaya ba. Ta ce ta yi rainon 'ya'ya da jikoki ƙazuwa ba ta taɓa shiga ɗakinta ba, ta ce dama ta lura tun daga nesa dabbar ba ta da lafiya, ita da ta gama yabon ƙibarta. Ta ce wa Umma wannan ba kyauta ba ce, cin fuska ne, a ba mutum abin da ya kamata a jefa a kogi. Umma tana ta ba da haƙuri. Haƙurin bai kama ba sai da idon Gwaggo ya sauka a kan kular da ta ci abinci a ciki. Ta ɗaga murfin, ta ƙwanƙwasa gefen, ta tambaya ko tana riƙe zafi kuwa.

"Ai taki ce, Yaya," in ji Umma.

Bayan Gwaggo ta tafi da kular a ƙarƙashin hammata, na mayar da Auduga, na jiƙa buhu na rufa mata. Umma ta zo da tsintsiya tana tattara gashin da ya watse. Ta ɗauki wani curi ta murza a yatsu, ta ce a gidansu na Dagumawa sun yi zomaye, wannan ai shimfiɗar jego ce, baiwar Allah tana gyaran ɗaki ba miji.

Na ce, "Umma, ashe kin sani? Ba ki ce komai ba."

"Ni aka tambaya?" Ta tura mini gashin cikin keji. "Mayar mata kayanta. Ki kuma sani kulata ce ta fanshi Audugarki."

Kafin wata Juma'ar duk Utai sun ji cewa gidanmu ana kiwon ƙazuwa. Gwaggo ba ta fasa zuwa ba, amma ta daina shan ruwan randarmu, a bakin ƙofa take shimfiɗa, duk abin da ya kusanci kejin kuma ba ta yaba shi. Gashin Auduga ya fito tuni, ya cika fari tas, Gwaggo ba ta matso kusa ta gani ba. Yanzu ranar Juma'a ba na ɓoye keji. Umma ce da sassafe take kwaso sababbin kwanukanta da turmin atamfarta ta jera su a gindin randa.